Tsufan Aro a Jikin Jitar Bes

Ƙannena masu kaɗa jita a Keana da Kadarko da Giza, da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai garin Lafiya, da ku nake. Musamman ku da kuka zaɓi bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu ko biyar, mai kaurin murya, wadda ba a cika lura da mai kaɗa ta ba sai ranar da bai zo ba. Wani yayi ya shigo muku ta waya, na kuma ga ya fara kama zukatan wasunku: a ɗauki jita lafiyayya a kankare mata fenti, a ƙwarzane ta, a sa ƙarafanta su yi tsatsa, don wanda ya gani ya zaci ta shekara hamsin tana aiki. Kafin waninku ya kai samfefa jikin kayan da ya tara kuɗinsa da gumin goshi, ina so ku san inda abin ya samo asali, da yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa abin da za ku yi a tsakar gida ba zai yi kama da wanda kuke gani a hoto ba.

A 1951 ne Leo Fender, wani Ba'amurke da ya fara da gyaran rediyo, ya fito da bes mai aiki da lantarki a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya sa mata suna Precision. A 1960 ya ƙaro wata mai siririn wuya, Jazz. Yawancin bes ɗin da ke hannunku yau, ko ƙirar Sin ce ko ta Indonesiya, daga waɗannan biyun ta gaji siffarta. Fentin da ake yi musu a wancan lokaci irin na motocin zamanin ne, wanda ake kira naitiro. Ba shi da kauri, kuma ba ya daina sauyawa: rana ta mai da shi rawaya, zafi da sanyi su tsattsaga shi sirara-sirara, gumi ya yi ta cin sa a hankali har katako ya bayyana. A 1965 kamfanin CBS ya saye kamfanin Fender, wajen 1968 kuma aka koma wa fenti mai kauri na poliyesta, wanda bai san gumi ba. Makaɗa da yawa suka ce kayan dā sun fi, aka shiga farautar waɗanda aka ƙera kafin 1965, farashinsu ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin mai kiɗa don ya ci abinci.

Ba katako kaɗai ya ba su wannan daraja ba, har da hannuwan da suka riƙe su. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit, Precision ce ta 1962 a hannunsa. An san shi da ƙin goge wuyanta, da barin tsirkiya ta yi shekaru bai canza ba, kuma da yatsa ɗaya yake yawancin kiɗansa. An sace ta dab da rasuwarsa a 1983. Jaco Pastorius kuwa Jazz ce tasa, ita ma ta 1962. Ya cire ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, ya cike gurabensu, ya shafe wurin da irin danƙon da ake shafa wa jirgin ruwa, ya yi ta kaɗa ta har fentin jikinta ya ƙare a wurare da dama. Ya rasu a 1987. Yaran Amurka da Turai da Japan suka tashi suna kallon hotunan irin waɗannan gwanaye, har ido ya saba: in an ga jita ta ci duniya, sai a ɗauka mai riƙe da ita ma ya ci.

Kamfani ya hango kasuwa. A watan Janairun 1995, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM da ake yi a Anaheim, sashen Fender mai ƙera kaya na musamman, wato Custom Shop da aka buɗe a 1987, ya ajiye jita biyu cikin gilashi. Masu wucewa suka zaci tsofaffi ne na shekarun 1950, alhali sababbi ne fil, J.W. Black da Vince Cunetto ne suka tsufar da su da hannu. Dillalai suka yi ta ba da oda, aka raɗa wa irinsu suna Relic. A 1999 aka kasa abin hawa-hawa: akwai wadda take kamar yau ta fito daga masana'anta, akwai wadda take kamar an ajiye ta a ɗaki shekaru ba a taɓa ba, akwai wadda ta sha aiki. A 2009 suka fito da masu rangwamen kuɗi da suka kira Road Worn daga masana'antarsu ta Ensenada a ƙasar Meziko, ciki har da Precision da Jazz. Kamfanin Gibson na da nasu sashen mai suna Murphy Lab, Sandberg na Jamus ma suna yi wa bes ɗinsu haka. Har kwafin ta Jaco ana sayarwa, tabo a inda tabon tasa yake. Ta Custom Shop guda ɗaya dubban daloli ce, wato miliyoyin naira, kuma sau da yawa mai tabon ta fi marar tabo tsada, tunda tabon aikin gwani ne da ake biyan ladansa. Ba ma a jita aka fara ba: tun a ƙarni na 19 Jean-Baptiste Vuillaume na birnin Faris yake ƙera goge irin na Turawa yana kwaikwayon na tsofaffin maƙera Stradivari da Guarneri, har da inda fentinsu ya goge.

Ba zan ce muku duk wanda ya sayi irin wannan jita wawa ba ne, don ba haka ba ne. Akwai makaɗin da ke da tsohuwa ta ainihi mai tsadar gaske, yana tsoron yawo da ita, sai ya bar ta a gida ya ɗauki mai kama da ita. Akwai wanda tafin hannunsa ya fi sakewa a wuyan da aka rage wa santsin fenti. Akwai wanda kawai idonsa ke son ganin ta haka, kuma kowa da abin da ke burge shi. Kamfanin bai ɓoye wa kowa ba, ya rubuta a takarda cewa sabuwa ce aka tsufar. Inda babu ɓoyo babu cuta. Damuwata a wani wuri take, zan kuma zo kanta.

To, tana kama da ta gaske? Daga nesa, a kan dandamali ƙarƙashin fitilu, ko a fuskar waya, kusan kowace tana wucewa. A hannu ne ake rabuwa. Ku koyi karanta jikin jita, ilimi ne da zai amfane ku ko ba ku taɓa tsufar da komai ba.

Kowane tabo na gaskiya yana da motsin da ya haife shi. A saman jiki, inda damtsen mai kiɗa ke kwanciya, nan fenti ke fara sirancewa. Kusa da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, inda babban yatsa ke dogarawa, za ka ga wani ɗan wuri ya yi sumul, wani lokaci har ya ɗan lotsa. A baya akwai inda kan bel ya yi ta gurza. A bayan wuya, gogewar ta fi yawa a ƙasa-ƙasa kusa da kai, inda hannun hagu ya fi zama, tana raguwa in an nufo jiki. A bakin ramin da ake soka waya akwai 'yan ƙananan ƙwarzane na neman rami cikin duhu. A gindi akwai inda ta yi ta haɗuwa da siminti. In ka ga fenti ya ɓare a tsakiyar wurin da hannu ba ya zuwa, tufa ba ta gogarsa, ba a kuma jingina shi da komai, tambayi kanka me ya kai tabo can. In babu amsa, hannun mai ƙirƙira ne.

Sai ka dubi bakin tabon. Gogewar shekaru ba ta da kaifi. Tana sauka ne a hankali: saman fenti mai sheƙi ya ɓace, launi ya kwanta ya yi haske, farar shimfiɗar ƙasa ta leƙo, sannan katako. Ka shafa da yatsa ba za ka ji inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Katakon kansa ya sha gumi da dauɗa, ya yi duhu-duhu, ruwan toka, yana ɗan ƙyalli na maiƙon fata. Katakon da samfefa ta tone kuwa fari ne tas, busasshe, in ka karkata shi ga haske sai ka ga sawun samfefar a jere, duk sun fuskanci gefe ɗaya. Masu dabara suna shafa masa shayi ko kofi ko man takalmi don ya yi duhu, amma launin yana zama a sama bai ɗaya, ba ya bin inda hannu ya fi taɓawa.

Tsagewar fenti ma tana tona asiri. Ta gaskiya tana faruwa ne don katako da fenti ba sa buɗewa da tsukewa tare in yanayi ya sauya, saboda haka takan taso daga bakin noti ko gefen jiki ko wani tsohon rauni, ta yi tafiyarta ta ɓace ba ka san inda ta tsaya ba. Masu kwaikwayo hanya biyu suke bi. Wasu suna zana layukan da reza ɗaya bayan ɗaya, gwani a cikinsu yakan kwana biyu a kan jiki guda. In ba gwani ba ne za ka ga inda rezar ta sauka da inda ta tashi, zurfin kuma duk ɗaya. Wasu suna ɗumama fentin sannan su sanyaya shi farat ɗaya, sai ya farfashe ta ko'ina lokaci guda, tsagar ta yi yawa, ta rasa alƙibla.

Babban abin da ke kayar da su shi ne rashin jituwa. Jiki ya nuna an yi shekara arba'in ana dukan sa, amma ƙarafan wuya ba su lotsa ba ko kaɗan a inda tsirkiya ke danna su. Ko ƙarfen gindi ya yi tsatsa ko'ina daidai wa daida, alhali a ta gaskiya gefen da tafin hannu ke sauka ne ya fi ci. Ko a kwance robar da ke rufe gaban jita a tarar launin ƙarƙashinta ɗaya ne da na waje, alhali tsohuwa ta ainihi launin da ke ɓoye yakan fi na waje kyau nesa ba kusa ba, tunda rana ba ta gan shi ba. Waɗanda ake yi da yawa a masana'anta kuwa, jera biyu kusa da juna ya isa: tabonsu a wuri ɗaya, siffa ɗaya. Makaɗa biyu ba sa cin jita iri ɗaya.

Ku 'yan Keana ba sai an yi muku dogon bayani a kan wannan ba. Ku je inda iyayenmu mata ke aikin gishiri da rani, inda suke kankaro ƙasar da ta sha ruwan gishiri su zuba a tukwane su tace, su dafa ruwan har ya ƙafe. Ku dubi tukunyar da ta daɗe tana wannan aiki: farin da ya daskare mata a baki, inda ta zaizaye, inda hannun mai ita ke kamawa kullum. Ku ɗauko sabuwa daga wurin maginiya ku shafa mata toka da gishiri, ku kai wa tsohuwar da ta tashi a wannan sana'a. Ba za ta ɓata lokaci ba, kallo ɗaya za ta yi mata. Haka tsohon makaɗi yake da jita.

Gishirin nan kuwa shi ne a cikin gumin da ke cin ƙarfe da fenti, shi ya sa masu kwaikwayo ke jiƙa ƙarafan jita da ruwan gishiri da binega, wasu ma su turara su da tururin asid. Ku kuka fi kowa sanin halinsa: ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Zai bi noti ya shiga ciki har ya ƙi kwancewa, ranar da kake son ɗaga tsirkiya ko sauke ta sai kan notin ya murje. Zai kai ga maganaɗisu, wanda aka naɗe da wayar tagulla mai sirantar gashi zagaye dubbai. Wuri ɗaya ya ci, sauti ya mutu ɗungurum. Zai shiga maɓallan ƙara da rage murya, su fara ƙarar ƙwar-ƙwar a tsakiyar taro. Asid kuwa ina roƙon ku kada ku kusance shi. Ruwan batir da makamantansa suna makantar da ido, tururinsu yana ƙona huhu, kuma a gidajenmu akwai yara ƙanana da ke taɓa duk abin da suka gani.

Ga wata gaskiyar da masu bidiyo ba sa tsayawa su faɗa muku. Kusan duk kyawun da kuke gani a kan naitiro aka yi shi. Bes ɗin da ke kasuwarmu, daga Squier da Ibanez da Yamaha har zuwa marasa suna, kusan dukkansu fentin roba ne mai kauri a jikinsu, poliyesta ko poliyuretan. Shi ba ya sirancewa. In ya tsufa ma ba irin wancan tsufan yake yi ba. Sai dai ya dusashe, in ya bugu ya ɓalle guntu, ya bar rami mai kaifin baki. Na ga wata a garin Lafiya da wani saurayi ya yi wa wannan aiki. Baƙa ce mai sheƙi a dā. Ya bi gefen sama da samfefa mai kaushi, ya ratsa baƙin, sai ya tarar da wata shimfiɗa mai kauri ruwan madara da ta ƙi ƙarewa. Ya ƙara ƙarfi, ya huda ta a wuri ɗaya, abin da ya fito ba katako mai kyan zane ba ne, falle-falle ne da aka manna da gam, ga wata ƙullutuwa da aka cike da hoda. Ya ɗauko makullai ya daddoke gabanta, kowane duka ya bar farin tauraro a cikin fentin. Ya tsaya yana juya ta a hannu, idonsa ya ciko. Abin da ya fi ba ni tausayi, kuɗin ƙungiyarsu ne aka haɗa aka saya, shi aka damƙa wa amana don ya fi kowa iya kaɗawa. Masana'anta ta san abin da ta rufe da wannan fenti. A jita mai araha, fentin sutura ne kuma garkuwa ne daga laima.

In kun ce don sauti ne, ku bar wannan zance. Maganaɗisu motsin tsirkiyar ƙarfe yake ji, bai san ko akwai ƙwarzane a bayan jita ba. Abin da ke sauya muryar bes a kunnen mai sauraro shi ne irin tsirkiyar da shekarunta, da tazararta daga wuya, da miƙewar wuyan kansa wadda ake daidaitawa da sandar ƙarfen da ke cikinsa, da nisan maganaɗisu, da amfilifaya da lasifika, sannan uwa uba yatsunka: inda kake taɓawa, ƙarfin da kake sawa, da yadda kake kashe tsirkiyar da ba ka so ta yi magana. Kuɗin samfefa da asid da lokacin da za ka ɓata, kai su wurin wanda ya iya saita wuya, ka sayi tsirkiya mai kyau da waya mai kyau. Abu ɗaya na yarda da shi: in zafinmu ya sa bayan wuya yana kama maka tafin hannu, babu laifi a bi shi da samfefa mafi laushi, sama-sama, har ƙyallin ya kwanta, ba tare da an kai ga katako ba. Wannan gyara ne don aiki.

Yanzu ga damuwata. Mu nan yawancin kayan kiɗanmu na hannu ne, sun biyo ta kasuwar Alaba a Legas ko sun zo cikin kayan gwanjo. A irin wannan kasuwa, tsufan ƙarya makami ne. A ɗauki ƙirar jiya, a manna mata tambarin Fender a ka, a ƙwarzane ta, a ce wani Bature ne ya yi shekara talatin da ita, a ninka kuɗi. Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku nemi a kwance wuya ku ga gindinsa, domin Fender kan sa kwanan wata a wurin. Ku buɗe cikinta ku dubi bayan maɓallan murya. Na Amurka suna ɗauke da lamba, wadda ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, lambobin da ke biye kuma shekara ce da mako. Ku dubi dalmar da aka haɗa wayoyi, ko tsohuwa ce ko ta jiya. Ku tafi da wanda ya fi ku sani. Mai kayan da ya hana a buɗe, ku bar masa kayansa.

Kuma kada ku zama ku ne masu yi. Wannan hanya an bi ta kafin ku. Fataken Hausawa masu sayar da kayan sassaƙa a Abijan sun daɗe da gane cewa baƙi masu saye ba sa son sabon abu, sun fi son wanda ya nuna an yi amfani da shi. Wani masani, Christopher Steiner, ya zauna da su ya rubuta littafi a kan kasuwar a 1994. Da masu saye suka nace wa tsufa, sai aka samu masu samar da shi: a rataye sabon sassaƙe a hayaƙin murhu, a shafa masa ƙasa da mai, a goge inda hannu zai taɓa. An ci riba, ba a musu. Amma abin da ke biyo bayan irin wannan a kowace kasuwa sananne ne, zargi ya hau kan kowa, mai kayan gaskiya ma sai ya yi ta rantsuwa. Kasuwar kayan kiɗa tsakanin Keana da Obi da Doma da Lafiya ƙarama ce, kowa ya san kowa. Ka cuci mutum ɗaya, kafin sati labari ya zaga duk inda ake kiɗa. Masallaci kake zuwa ko coci, an gaya maka hukuncin mai ɓoye aibin kaya da mai yi wa haja ƙaryar asali. In ka tsufar da taka don sha'awa, wata rana ka tashi sayarwa, faɗi da bakinka cewa kai ka yi.

Akwai wani abin da ya fi ciniki, shi ne abin da mutum yake gaya wa kansa. Shekara biyu da fara koyo, ka rataya jitar da ke cewa ka yi talatin. Ranar farko za a kalle ka. Da an buga ganga, magana ta koma kunne, kuma bes ba ta da wurin ɓuya: in ka riga mai ganga ko ka makara, duk ƙungiyar ce za ta yi tangaɗi, masu rawa su ji a ƙafafunsu ko ba su san dalili ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Babu wanda ya tsaya tambayar su shekarun fenti.

Ƙasarmu ma ba ta bukatar taimakon kowa wajen tsufar da kaya. Hunturu yana busar da katako har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu. Damina ta zo ya kumbura, wuya ya sauya, tsatsa ta kama. Zafin bazara a ɗakin kwano ko cikin motar da aka rufe a rana yana sassauta gam. Ƙura tana shiga ko'ina. Aikinku kare ta ne: ƙyalle busasshe a jaka, a goge tsirkiya da ƙarafa duk bayan kiɗa tun gumi bai bushe ba, kada a jingina ta da bango wuya na ɗauke da nauyi, kada a bar ta a ƙasa inda ruwa ke shigowa, a duba miƙewar wuya in yanayi ya juya, sau ɗaya da shigowar hunturu, sau ɗaya da saukar damina. Duk da wannan kulawa za ta yi tabo. Za ta bugu a bayan babur a hanyar zuwa biki, wani yaro zai ture ta a wurin gwaji, damtsenka zai dusar da gefenta. Waɗannan naka ne, kana iya faɗin ranar kowanne.

Abin da ke ci mini rai kuwa shi ne, yayin da wasu ke biyan miliyoyi don a ƙirƙira musu tsufa, mu namu na gaskiya zubar da shi muke yi. Arewa da tsakiyar ƙasar nan sun yi zamanin manyan ƙungiyoyin kiɗa: Bala Miller a Kaduna, Sahara All Stars a Jos, Bongos Ikwue ɗan Otukpo maƙwabcinmu. A ƙarƙashin waɗannan sanannu akwai ƙananan ƙungiyoyi na gari-gari, da na majami'u, da na makarantu. Ku leƙa ɗakunan ajiya na coci-coci da gidajen tsofaffin shugabannin ƙungiya, za ku iya tarar da bes an jingine ta a lungu, babu tsirkiya, ƙura ta rufe ta. Haka garayar kaka ko molonsa, da gangunan da aka daina fitowa da su lokacin bikin Oyarore don an yi sababbi. Abin da muka saba yi, in mun ga irin wannan, shi ne mu kai wa mai fentin mota ya fesa mata ja ko shuɗi ta koma sabuwa. Kada ku yi. Da zarar an fesa, an shafe sawun mutumin da ya yi rayuwarsa a kanta, in kuma ta kasance ƙira mai daraja, an zubar da mafi yawan kuɗinta.

Ku nemi izinin masu ita tukuna. Ku share ƙurar da ƙyalle mai laushi, ban da fetur, ban da sabulun wanki. Ku je wurin dattijon da ya kaɗa ta in yana raye, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce, "Baba, wa ya sayo ta, a ina, wace shekara, su wa suka riƙe ta kafin kai?" Ku ɗauki muryarsa a waya, ku kuma rubuta a takarda ku sa a cikin jakarta, don waya tana ɓata. In wayoyin cikinta sun mutu a gyara, in maɓalli ya lalace a canza, amma duk abin da aka cire, ko noti ɗaya ne, a ƙulle shi a leda a ajiye tare da ita. Sannan a sa mata tsirkiya, a saita wuyan, a miƙa wa dattijon ya fara taɓawa kafin kowa.